Littafin Malam Kung na Ƙasar Sin, da Yadda Mutumin Yauri Zai Auna Shi

Tun zamanin kakanni, in Bahaushe yana so ya kwatanta wuri mai nisan gaske sai ya ce Birnin Sin. Almajirai sun sha jin sunan a bakin malamansu wajen zancen neman ilmi, amma kaɗan ne suka taɓa tambaya wane irin ilmi ne ke can, da har mutum zai niƙi gari ya tafi nema. Yanzu nisan ya ragu. Tun 1963 gidan rediyon ƙasar Sin ya fara magana da Hausa, cikin 1971 kuma Nijeriya ta ƙulla zumunci da gwamnatinsu. Wanda ya zaga kasuwar Yelwa ya duba fitila da kwado da wayar hannu da ke kan teburan 'yan tireda, zai iske da yawa daga can suka fito. An san kayan mutanen, amma ba a san malamin da ya yi musu tarbiyya ba.

Sunan wannan malami Kung. Mutanensa suna ce masa Kung Fudza, watau Malam Kung. Waɗansu limaman Kirista na Turai da suka shiga ƙasar wajen shekara 400 da suka wuce su ne suka lanƙwasa sunan bisa harshen Latin, ya koma Konfushiyas, da shi kuwa duniya ta san shi. An haife shi a ƙasar Lu, cikin lardin da a ke kira Shandon yanzu, shekara 551 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rasu yana da shekara 72. Rasuwarsa ta riga Hijira da wajen shekara 1,100. Ya taso cikin zamani na rikici. Babban sarkin ƙasar Sin ya zama sarkin suna kawai, ƙananan sarakuna suna ta kai wa juna hari, a Lu kuwa gidaje uku na manyan fadawa sun ƙwace iko sun bar wa sarki rawani.

Ubansa ya rasu yana ɗan shekara uku, uwarsa ta rene shi cikin talauci. Aikin da ya fara yi shi ne lissafin rumbunan hatsi, daga nan aka sa shi lura da garke. Aikin akawu ke nan, irin na malamin haraji ko malamin jangali na zamanin En'e, an kuwa ruwaito cewa ba abin da ya dame shi a lokacin sai lissafi ya fita daidai, dabbobi su yi ƙiba. Sai da ya kai wajen shekara 50 sa'an nan ya sami babban muƙami, ya zama mai kula da shari'ar laifi a Lu. Bai daɗe ba. Maƙwabtansu na ƙasar Ci suka aiko da kyautar mata mawaƙa, masu mulki suka shagala har kwana uku ba a yi fadanci ba, Malam Kung ya tattara ya bar gari. Ya yi wajen shekara 13 yana yawo ƙasa ƙasa da almajiransa, yana neman sarki ɗaya tak da zai yi aiki da shawararsa, bai samu ba. Ya komo gida da tsufa, ya ci gaba da karantarwa har ya rasu, yana ganin kamar wahalarsa ta tafi banza.

Littafin da a ke auna shi da shi sunansa Lun Yu, watau tattararrun zantuka. Ba shi ya rubuta ba. Almajiransa da almajiran almajiransa ne suka tara abin da suka tuna, aka yi babi 20, da guntayen magana wajen 500. Wanda ya yi karatun zaure zai ga aibi biyu tun a shafin farko. Na ɗaya, babu isnadi, ba a faɗi wane ya ji daga wane ba, shi ya sa har yau masana suna gardama a kan waɗanne babi ne na asali, waɗanne ne na baya suka ƙara. Na biyu, babu tsari. Zancen mulki yana nan, sai a tsallaka zancen kiɗa, sai yadda malam ya ke zama in zai ci abinci. Amma wannan rashin tsari ya zo da wata riba, domin mutumin yana fitowa sarai da halinsa. Ana ganinsa yana wasa da almajiri, yana fushi da wanda ke barcin rana, yana kuka mai tsanani ran da Yan Hui, almajirin da ya fi ƙauna, ya rasu da ƙuruciya. Ran da garken dawakinsa ya ƙone, ya komo daga fada, sai ya tambaya ko wani mutum ya ji ciwo, bai tambayi dawaki ba. Littattafan hikima da yawa sun fi wannan tsari, kaɗan ne suka kai shi nuna mai maganar.

Babban aikin da Malam Kung ya yi, a kan kalma ɗaya ya yi shi. Ya tarar da wata kalma a harshensu wadda ma'anarta ɗan sarki, ya ɗauke ta daga gidan sarauta ya ba duk wanda ya gyara halinsa, ko ɗan wane ne. In za a fassara ta da Hausa ba a bukatar nisa, mutumin kirki ke nan. Wani Bature, Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa, ya taɓa lissafa abubuwan da Hausawa ke nema ga mutumin kirki, ya kawo gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi da mutunci da waɗansu. Wanda ya ɗauki wannan lissafi ya aza a kan Lun Yu zai yi mamakin yadda suka dace. Malam Kung bai tsaya ga baki ba. Ya ce shi bai taɓa korar mai neman karatu ba, ko da abin da ya iya kawowa ƙullin busasshen nama ne, kamar a ce ɗan kilishi. A zamanin da karatu ke hannun 'ya'yan manya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, wanda kuwa ya koyi baƙi da girma a ajin yaƙi da jahilci ya fi kowa sanin darajar ƙofar da ba a rufe ba.

Hanyar zama mutumin kirki a wurinsa ita ce ladabi, amma ladabi mai faɗi, wanda ya haɗa gaisuwa da biki da jana'iza da yadda ƙarami ke tsayawa gaban babba. Mutumin Yauri ba baƙo ba ne a nan. Ya san tuɓe takalmi a ƙofar fada, ya san durƙuso, ya san uwar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Malam Kung ya ga cewa waɗannan ƙananan abubuwa su ne makarantar zuciya, icce kuwa tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Ya kuma yi kashedi cewa ladabin da babu jin ƙai a cikinsa fanko ne. Da wani almajiri ya roƙe shi kalma ɗaya da za ta ishe shi har mutuwa, sai ya nuna masa cewa ya riƙa auna mutane da kansa, abin da ba ya so a yi masa kada ya yi wa wani.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne zancen kunya. Malam Kung ya lura cewa in an bi da mutane da doka da bulala kaɗai, za su koyi kauce wa dogari, amma ba za su ji kunyar laifin ba. In kuwa na sama ya nuna hali, kunya za ta yi aikin da dogari ba ya iyawa. Mai karatu na bakin tafki yana iya gwada wannan da abin da ya gani. Cikin watan Mayu na 2021 wani jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara, a ƙasar Ngaski, da mutum fiye da 150 a ciki, kaɗan ne suka fita, hukuma kuwa ta ce lodi ya yi masa yawa. Dokar hana cika jirgi tana nan a takarda. Amma ba gwamnatin da za ta iya ajiye ma'aikaci a kowane mashigi dare da rana. A tsakiyar ruwa ba abin da ke tsakanin fasinja da halaka sai ikon Allah da kunyar mai jirgi. Wannan shi ne abin da tsohon ya hango tun shekara 2,500 da suka wuce.

Nauyin kuwa a kan na sama ya ɗora shi. Da wani babban bafade na Lu ya kawo masa kukan yawan ɓarayi, sai ya mayar masa da magana cewa da shi kansa ba shi da kwaɗayi, ko lada aka ba mutane su yi sata ba za su yi ba. Hausawa kan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Malam Kung ba zai karɓi wannan uzuri ba, domin a wurinsa sarki ne ke zaɓen bafade. Ya kuma ce farkon gyaran ƙasa shi ne a gyara sunaye, kowa ya cika sunan da a ke kiransa da shi, sarki da bara da uba da ɗa. Almajirin da ya ji wannan ya ɗauka wasa ne, amma ba wasa ba ne. Muddin ana kiran toshi da sunan gaisuwa, ba mai jin kunyar karɓa.

Wanda ya san littattafan Sakkwato zai ji kamar ya taɓa jin irin wannan murya. Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu ya lissafa zaluncin sarakunan Haɓe, da jangali da kamuwa da gaisuwar da a ke kai wa masu iko. Malam Abdullahi na Gwandu, wadda Yauri ta shiga amana da ita bayan jihadi, shi ma wajen 1807 ya ga jama'a sun karkata ga dukiya da sarauta, ya bar rundunar ya nufi gabas, Kanawa suka tsai da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami don ya koya musu mulki. Tafiyarsa da ta Malam Kung daga Lu kamar an tsaga kara. Amma akwai bambanci babba, kada a rufe shi. Malam Abdullahi yana da Shari'a wadda ke bisa kan sarki da talaka duka, da alƙalin da za a kai ƙara. Malam Kung bai yi da'awar annabci ba, ya ce shi mai isar da al'adar magabata ne kawai. Yana ambaton Sama da girmamawa, amma in an tambaye shi zancen aljanu ko abin da ke bayan mutuwa sai ya mai da mai tambaya ga sha'anin masu rai. Ya kuma riƙi yi wa kakanni hadaya, inda Musulmi ba zai bi shi ba. Musulmin ƙasar Sin da kansu sun daɗe da rarrabe wannan. Wani malaminsu na birnin Nanjin, Liyu Ji, wajen shekara 300 da suka wuce, ya karanta littattafan Malam Kung sarai, ya yi amfani da kalmominsu ya bayyana Musulunci da tarihin Annabi ga mutanen ƙasarsa, bai bar tauhidinsa ba.

To, yabon gwani ya zama dole, amma akwai wuraren da littafin ya yi tuntuɓe. Wani hakimi ya yi masa alfahari cewa a ƙasarsa akwai mai gaskiyar da ubansa ya saci tunkiya ya ba da shaida a kansa. Malam Kung ya ƙi yabawa, ya ce a wajensu uba kan rufa wa ɗa asiri, ɗa ya rufa wa uba, a nan gaskiya ta ke. Ana iya gane abin da ya ke tsoro, watau ƙasar da hukuma za ta mai da ɗa ɗan rahoto a gidan ubansa, an kuwa ga wannan a ƙasar Sin tsakanin 1966 da 1976, sa'ad da aka zuga yara suka tona iyayensu. Amma bai ce kome ba game da mai tunkiya. In wannan ƙa'ida ta fita daga zaure ta shiga ofis, akawu zai rufa wa kawunsa dagaci asiri a kan kuɗin haraji, ya kuma kira abin biyayya. Alƙur'ani ya umurci mutum ya tsai da shaidar gaskiya ko da a kan kansa ne ko iyayensa. Wannan ya fi nauyi a zuciya, amma shi ne ke mayar wa mai tunkiya da tunkiyarsa.

Wani almajiri, Fan Ci, ya roƙi a koya masa noma. Malam Kung ya ce tsohon manomi ya fi shi sani, wannan kuwa gaskiya ce da tawali'u. Amma da almajirin ya fita sai ya kira shi ƙaramin mutum, wai mai neman mulki ina ruwansa da shuka. Bagungen da ya san lokacin da ruwa ke janyewa ya dasa albasa, da Bakambaren da ya cika rumbu da dawa, da Basarken da ke karanta ruwa kamar allo, duk ba su da wuri a wannan makaranta sai na masu ciyar da ita. Daga wannan 'yar magana aka sami malaman ƙasar Sin na baya masu barin farce ya yi tsawo don a san hannunsu bai taɓa fartanya ba. Cutar ba ta tsaya can ba, duk inda aka buɗe makaranta aka sa tebur a ƙarshenta an gan ta.

Mata kuwa kusan babu su a littafin. Cikin almajiran da aka ambaci sunansu babu mace, inda ya yi zancensu kuma sai ya haɗa su da barori ya ce suna da wuyar sha'ani. Na bayansa suka ƙara gishiri. Wani malami na ƙarni na 11, Ceng Yi, ya ga mutuwa da yunwa ta fi sauƙi ga matar da mijinta ya rasu bisa ga ta sake aure. A ƙasar Hausa mace kan gama takaba wata huɗu da kwana goma ta yi aurenta, Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu cikin 1864, ta aika jajis ƙauye ƙauye su karantar da mata. Ɗaure ƙafar 'yan mata da aka yi a ƙasar Sin ba Malam Kung ya koyar ba, ya zo bayansa da shekara fiye da dubu, kada a ɗora masa.

Yadda maganar mutumin da sarakunan zamaninsa suka ƙi ta zama gadon mulki, labari ne mai ban mamaki. Sarkin Cin, wanda ya haɗa ƙasar wuri ɗaya da takobi, ya sa aka ƙone littattafan malamai shekara 213 kafin haihuwar Annabi Isa. Gidansa bai daɗe ba ya faɗi. Gidan Han da ya gaje shi ya gane cewa takobi na cin ƙasa amma ba ya tara haraji, sai Sarki Wu ya ɗauki littattafan magabata da mabiyan Malam Kung ke karantarwa ya mai da su karatun ma'aikata. Wajen shekarar 605 aka fara ɗaukar ma'aikata da jarrabawa, aka yi ta yi har 1905, shekara 1,300 ke nan. Wani shehin malami, Ju Shi, wanda ya rasu cikin 1200, ya ware littattafai huɗu har da Lun Yu ya yi musu sharhi, daga 1313 kuwa sharhinsa ya zama shi ne amsar da a ke nema. A kan kulle mai jarrabawa cikin ɗan akurki kwana uku, da abincinsa da tawadarsa. A Nanjin kaɗai irin waɗannan ɗakuna sun fi 20,000. Koriya da Biyetnam suka kwaikwayi wannan hanya, Japan kuma ta ɗauki karatun. Waɗansu masana suna ganin har Ingila ta ɗebi wani abu daga nan sa'ad da ta fara shirin ɗaukar ma'aikata da jarrabawa cikin 1854. In haka ne, akawun En'e da ya zauna jarrabawar ƙarin girma a Yelwa ya sha daga wannan rijiya bai sani ba.

Amfanin abin a fili ya ke, domin ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa yana iya zama gwamna. Amma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Mutumin da ya ce hadda ba tare da tunani ba ɓata ce, shi aka mayar abin hadda, ana rubuta amsa bisa wani tsayayyen tsari mai gaɓa takwas wanda ba a yarda a kauce masa ba. Sarakuna kuma suka zaɓi abin da ya yi musu daɗi, suka ɗaga biyayyar na ƙasa, suka sassauta nauyin na sama. Shaidar wannan tana ga abin da aka yi wa Malam Meng, babban magajin Malam Kung, wanda ya zo bayansa da shekara fiye da ɗari. Shi ya sa talakawa a gaba, ya sa sarki a ƙarshe, ya kuma ce azzalumin sarki ya riga ya zubar da sunan sarki, wanda ya kawar da shi bai kashe sarki ba. Sarkin da ya kafa gidan Ming ya ji wannan ya husata, cikin 1394 aka fitar da littafin Malam Meng an yanke masa wuri 85.

Da Turawa da Japan suka wulakanta ƙasar Sin da jiragen yaƙi, samari suka nemi wanda za su ɗora wa laifi, suka sami tsohon. Cikin 1918 marubuci Lu Shun ya kwatanta tsohon ladabi da cin naman mutane. Cikin 1966 matasan Mao suka shiga Cufu, garin Malam Kung, suka farfasa allunan tunawa suka tone kaburbura. Sarki goma zamani goma. Cikin 1994 aka sa wurin cikin kayan tarihin duniya, cikin 2004 kuma gwamnatin ƙasar ta fara buɗe makarantun koyon harshensu a ƙasashen waje da sunansa, har aka buɗe a Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka da Jami'ar Legas. Mai hankali in ya ga masu iko sun sake rungumar wani malami, ya kamata ya duba wane shafi su ke karantawa da ƙarfi, wane su ke tsallakewa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi nauyi, kuma a bakin Kwara za a fi gane ta. Akwai wurin da Malam Kung ya ce talakawa ana iya sa su bi hanya, amma ba a iya sa su gane dalilinta. Tsohon rubutun Sin ba shi da aya ko waƙafi, saboda haka masu son kāre shi kan raba jimlar wata hanya dabam, ta ba da ma'ana mai sauƙi. Amma yadda galibin masu sharhi suka karanta ta, haka masu mulki suka yi aiki da ita. Cikin 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji, cikin 1968 ruwa ya taru, aka ta da mutum wajen 44,000 daga mazauninsu, a ƙasar Yauri da ta Bargu. Tsohuwar Busa ta nutse, gungaye da yawa suka tafi da gonakinsu na albasa. Ƙasar Sin ta yi irin wannan da girma, domin madatsar da ta fara cikin 1994 a kan kogin Yangse ta ta da mutum wajen miliyan 1.3.

Da za a kawo Lun Yu a auna aikin Kainji, akwai abin da zai faɗa mai amfani. Zai fara da tambayar ran gobara, mutane kafin dawaki. Zai tuna wa ma'aikata amsar da aka ba almajiri Zigung, cewa mulki yana tsaye bisa abinci da makamai da amincewar jama'a, in dole a bar biyu to amincewa ce za a riƙe. Shi da ya ɗauki kushewar iyaye da girma haka, ba zai ga ɗakin siminti ya biya wanda ya bar kabarin ubansa ba. An gina wa mutane gidaje, ba a kore su hannu wofi ba, tafkin kuma ya kawo kifi da wutar lantarki ga ƙasa. Amma da yawa suka ƙara ɗakunan ƙasa da rumbuna a gefen sababbin gidajen, domin wanda ya zana gida a takarda ba shi ne zai kwana ciki da bazara ba. Wannan ilmi ne irin na tsohon manomin nan, wanda Malam Kung ya yarda ya fi shi sani, sa'an nan bai kira shi shawara ba.

A nan littafin ya tsaya. Duk gyaran da ke cikinsa daga sama ya ke saukowa. In Allah ya haɗa talaka da ma'aikaci mutumin kirki ya huta, in kuwa bai samu ba, Lun Yu bai nuna masa ƙofar da zai kai ƙara ba, bai kuma ce ya karanta takardar diyya da idonsa ya ƙidaya ba. Shawarar da ke ciki ta ma'aikaci ce, ya faɗa wa sarki gaskiya, in an ƙi ji ya ajiye aiki, kamar yadda shi Malam Kung ya yi ya bar Lu da almajiransa. Bagunge ba shi da muƙamin da zai ajiye. Abin da ya bari gona ce da kushewa, suna kuwa ƙarƙashin ruwa tun 1968.